Akwatin Fankokin Gidan Rumji

Attahiru makaniki ya hure ƙurar cikin akwatin, ya ɗaure wayoyi, ya goge shi har yana ƙyalli. Akwatin nan ne ke auna zafin ɗakin ajiyar iri na Gidan Rumji, ya kunna fankoki da kansa. A wannan shekarar fari ta 1984, irin geron da ke ɗakin shi kaɗai ya rage wa ƙauyuka. In zafi ya dafa shi, ko ruwa ya sauko ba abin shukawa.

Shi ya sa duk wata Attahiru ke tasowa daga Maraɗi ya duba shi.

"Baba Iro," ya ce wa tsohon mai gadi, "ka ga amfanin kula da abu tun bai lalace ba? Wata takwas, ko tari bai yi ba! Tsaya ka gani, da na zare wannan wayar fankoki za su tsaya."

Ya zare. Fankoki suka ci gaba da juyawa abinsu.

Baba Iro ya sosa ƙeya. "Ɗana, akwatinka ya rasu tun watan azumi. Na ga kana son shi, na kasa yi maka ta'aziyya. Ni ke kunna su da makunnin bayan ƙofa."

"To, da mi kake auna zafin?"

"Da jakina. In ya shige inuwa in kunna, in ya fito in kashe. Wata mai zuwa bar kayan aikin nan, taho da dusa. Injin namu ya rame."