Ba Ta Gama da Su Ba

Mai shagon hatsi ya riga ya shimfiɗa tsumma a kwali lokacin da kyanwarsa ta shigo. Kwanan nan duk ɗan da ya nufi nononta sai ya sha mari.

"Ta gaji da su," in ji yayarsa da ta zo karɓar 'ya'yan. "Tunda ta yaye, zuba mini su. Ɓeraye sun hana ni sakat."

Ya sunkuya zai ɗauki na farko, sai ya ga ɓera a bakin uwar, da ransa. Ta ajiye shi gaban 'ya'yan, ta ja da baya. Ɓeran ya zabura zai shige bayan buhuna, ta tare shi ta maido musu. Suka kuskure, ta sake maidowa. Cikinta a lafe, amma ko lasarsa ba ta yi ba.

Ya daɗe a tsugune, sannan ya ture kwalin gefe.

"Yaya, ki ƙara haƙuri. Nono kawai ta hana su. In kika tafi da su yau, ke za ki riƙa kama musu ɓeran."