Aksil ɗin da Ya Ƙi Samuwa

Arba'in da uku. Mai Sufana, tsohon makanike, ya mayar da yatsa kan haƙorin giyar aksil ɗin da ya yi wa alama da alli, ya sake ƙirgawa daga farko, ya kuma samun arba'in da uku. Na aksil ɗin bayan motar kuwa arba'in da ɗaya ne.

"Wannan ma bai yi ba," ya ce wa ɗansa, yana goge hannu da tsumma. "Ka ɗaura shi, tayoyin gaba su yi gudunsu, na baya su yi nasu, giya ta tarwatse a tsakani."

Ɗan ya sosa ƙeya. "Kash! To Baba, sai in mayar. Asabar mai zuwa in kawo wani."

Jif ɗin ta ɗan nasa ce. Ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi saboda hanyoyin duwatsun da aikinsa ke kai shi, sai ƙafafunta na gaba suka riƙa karyewa. Maganin shi ne a cire su, a sa aksil guda, ƙarfe ɗaya sandararre daga taya zuwa taya. Ya kawo ta tsohon garejin mahaifinsa da ke jikin gida, wanda ke rufe tun rasuwar mahaifiyarsa. Wata biyar ke nan tana kan kututture, gabanta wayam.

Aksil na farko ya fi na bayan motar faɗi da yatsa huɗu. Na biyu tulun giyarsa na hagu, alhali farfelar motar, sandar da ke juya giyar, ta dama take saukowa. Na uku notin taya biyar gare shi, motar kuwa shida take ci. Na huɗu ya ɗan lanƙwashe, sai da aka ja zare aka gani. Kowanne da aibinsa guda ɗaya tak, kuma kowanne sai ya ci musu makonni ana kwancewa ana aunawa.

"Kai da ka yi rarrafe a ƙarƙashin mota," in ji tsohon, "kujerar ofis ta cinye maka ido." Ɗan dai sai ya yi dariya, ya miƙo masa sufana mai lamba goma sha bakwai tun bai nema ba.

Abin da Mai Sufana bai gaya wa kowa ba shi ne, duk aksil ɗin da ya ƙi, wani daɗi yake ji har cikin ƙashinsa. Daga Lahadi zuwa Juma'a ba mai yi masa magana a gidan sai rediyo. Yana cin abinci a tsaye, don ba ya iya zama shi kaɗai a tabarma. Shi kuma mutum ne da ba ya son a ji tausayinsa. A da, in ɗan ya bugo waya ya ce zai leƙo, sai ya ce, "Ciwo aka ce maka ina yi? Je ka yi aikinka." Ya kashe waya, ya zauna yana kallon ƙofa.

Amma Asabar daban ce. Tun da sassafe yake share garejin, ya fito da kujera biyu, ya ɗora shayi. Ya san ranar da aka dace da aksil, aikin Asabar biyu ne ya rage, daga nan jif ta tafi da mai ita.

Ranar da aka ƙi na biyar, mai haƙora arba'in da ukun nan, ruwa ya tsuge da yamma. Ta tagar gareji ya hango ɗansa a bakin titi, jiƙe sharkaf, yana ɗaga wa bas hannu tana wucewa. Mutum da motarsa, da iyalinsa, yana tsaye cikin ruwa, uban kuwa yana nan yana murna. Kunya ta rufe shi, ya kasa shan shayinsa.

Litinin da safe ya sa tef ɗin awo da alli a aljihu, ya nufi filin 'yan gwangwan da ɗan ya ce a can yake samowa. Gwiwoyinsa na ƙara, ya bi layi-layi tsakanin gawarwakin motoci, yana durƙusawa, yana aunawa, yana tsaki. Har rana ta take bai samu ba.

Can bayan rumfar mai filin ya ga wani abu lulluɓe da tamfol. Ya yaye. Faɗi daidai. Tulu a dama. Noti shida. Ya ja zare, miƙe yake sambal. Ya kwance murfin, ya ƙirga haƙora sau biyu: arba'in da ɗaya.

Ya daɗe a tsugune. Babu wanda ya gan shi. Yana iya mayar da tamfol ɗin ya kama hanyar gida, ya ci gaba da samun Asabar ɗinsa har illa masha Allahu. Ya share ido da bakin riga, ya ɗaga murya ya kira mai filin.

"Wannan nake so. A ɗora mini shi yau."

"Ai Baba wannan da mai shi."

"To ya bar shi a nan yana tsatsa? Kira mini shi mu yi magana, ɗana ke bukata."

Mai filin ya girgiza kai yana dariya. "Ba zai sayar ba. Wani mai ɗagaggiyar jif ne, gwanin awo, kallo ɗaya ya yi masa ya saya wata biyar da suka wuce. Ya ce in ɓoye masa, shi kuma yakan zo ya tona filin nan kaf, yana neman wanda ya tabbata ba zai shiga ba, wai babansa zai kai wa."