Hannun Kafinta a Kan Takarda

Kai da kake cewa hannunka ba na zane ba ne don kawai ka ɓata 'yan takardu, gyara zama ka ji abin da ya sami wani kafinta.

Bawan Allah nan matarsa ta rasu wurin haihuwa, ta bar masa jaririya, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Yarinya ta girma, ta yi aure, ta haifi mace, aka mayar wa jaririyar sunan marigayiya. Bayan an watse daga taron suna sai ta ce, "Baba, wai yaya kamannin Innata suke?" Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga ba duka yake tunawa ba. Idanun yana tune da su, wushiryar ma haka, amma sauran fuskar ta fara dushewa a ransa. Ga shi 'yan uwan marigayiyar duk sun riga mu gidan gaskiya, in ta ɓace masa shi ke nan ta ɓace wa kowa. Ya zaro fensirin da ke maƙale a bayan kunnensa, ya sayo takarda, ya ce sai ya fitar da fuskar nan kafin ta ƙarasa guje masa. To amma ka san hannun kafinta. Shi layi ɗaya ya sani, a danna shi da ƙarfi a jikin katako don zarto ya bi. Haka ya faɗa wa takarda. Da ido yake farawa, don shi ya fi tunawa, ya danne shi baƙi ƙirin har da gashin ido, kafin ya ankara babu wurin hanci, haɓa kuma ta sauka daga takardar. Ya sa kilina ya goge, baƙin ya tafi amma ramin da fensir ya haƙa yana nan. Ya ƙara gogewa, takarda ta huje. Wallahi abin tausayi, dattijo da furfurarsa ya zauna cikin garin katako yana share hawaye, yana ganin shi ne ya yi sakaci har ya manta matarsa.

Akwai wani tsoho maƙwabcin shagonsa mai yi wa manyan motoci zane da fenti. Ya ɗaga takardun ya duba, bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Maƙwabci, ba mantuwa ce ke damunka ba, nauyin hannu ne. Takarda ba katako ba ce." Ya mayar masa da yatsunsa can gindin fensir, nesa da tsini, inda ko ya so dannawa ba zai iya ba. Ya sa shi ya fara da siffar ƙwai, fuska ke nan gaba ɗayanta, da layi mara nauyi wanda sai an matso ake gani. Sannan a ja wani a tsaye, wani a kwance, a san mazaunin ido da hanci da baki tun ba a zana su ba. Layin da ya kauce a bar shi, a ja wani a gefensa, ido zai zaɓi na gaskiya. Kafinta ya ji haushi da farko, don shi a ganinsa wannan shafa ce kawai, ba aiki ba. Amma ya daure. Kullum in ya rufe shago sai ya ƙara inuwa kaɗan a kan ta jiya, ƙarƙashin haɓa, gefen hanci. Yana cikin wannan lallaɓawar sai abin da ya ɗauka ya manta ya riƙa dawowa da kansa, faɗin goshin nan, da yadda kumatunta ke lotsawa in za ta yi dariya. Idanun da ya saba farawa da su, su ya baƙanta a ƙarshe.

Ranar da ya kai wa 'yarsa zanen, ta daɗe tana kallo. Can ta ɗaga hannu ta shafa goshinta, ta shafa na jaririyar da ke cinyarta, ta ce, "Baba, ashe goshinta muka ɗauko."

Don haka ɗauki fensirinka ka sassauta hannu. Da yayyafi kogi kan cika.