Gwiwar Kyaftin

Ƙarfe goma na safe, ana tsakiyar atisaye, mutum kusan talatin suka hauro katangar filin, sun naɗe fuskokinsu da rigunan ƙungiyar ƙwallon ƙafar.

Wata biyar ke nan ƙungiyar tana zubar da 'yan wasa. Shugabanta, Don Amílcar, ya sayar da tara, ya kori huɗu, ya cike gurbinsu da baƙin da ko sunan juna ba su riƙe ba. Mutum ɗaya ne shugaban ya hana tafiya: Nahuel Barreiro, mai ci musu ƙwallaye, wanda wata ƙungiyar Meziko ke nema ruwa a jallo. Sau uku suna zama, sau uku Don Amílcar yana turo masa takardar kwantiragi.

"Saura shekara uku, ɗana. Ko a benci ne, a nan za ka ƙarasa su."

An ci su wasa shida a jere. Magoya baya sun kai maƙura.

"Ina maci amanar da ke son guduwa?" in ji jagoran waɗanda suka hauro katangar.

Suka yi kan Nahuel da bel, da sarƙa, da guntun bututun ƙarfe. Suka fasa masa hanci, haƙora biyu suka zube a ciyawa, suka yi ta ƙwallo da haƙarƙarinsa. Ƙafafunsa ne kawai suka tsira.

Sababbin 'yan wasa suka arce ɗakin sauya kaya. Kyaftin Evaristo Ledesma, wanda ya shekara goma sha huɗu a ƙungiyar, shi ya ruga ya kwanta a kan Nahuel.

"Sai dai ku fara da ni, 'yan iska!"

Wani ya ɗaga bututun. Har bakin ƙofa maigadi ya ji ƙarar gwiwar Evaristo.

Bayan kwana uku lauyan Nahuel ya soke kwantiragin: ƙungiyar da ta kasa tsare ran ɗan wasanta ba ta da hurumin riƙe shi. Don Amílcar ya yi ta ashar, amma ya sa hannu.

Ranar tafiya, Nahuel ya biya asibiti. Likita ya riga ya gaya wa Evaristo shi da ƙwallo har abada, amma sai kyaftin ɗin ya dubi kumburarriyar fuskar abokinsa ya yi dariya.

"Je ka abinka, ƙanena. Wallahi wannan hancin ya fi yi maka kyau."

Nahuel ya rungume shi yana kuka kamar ransa zai fita.

A cikin mota ya kira wata lamba. Jagoran maharan ya ɗauka.

"Rufino, ni kaɗai na ce ku daka. Ni kaɗai!"