Kumfar da Aka Zubar Kafin Mota Ta Iso

Ɗauke hannunka daga kan famfon nan tukuna, Injiniya Barau. Na ji, an yi maka waya an ce motar kaya ta taso, kana son ka zubar da abin da ke cikin tanki ka yi wa sabo wuri. Ruwan nan ba gudu zai yi ba. Zauna ka ji wani misali, in na gama ka ga zubarwar ta fi, ga ka ga famfo.

An yi wata tsohuwar rijiyar mai irin tamun nan, wadda ta gaji ta daina kawo mai da kanta. Sauran man ya maƙale a cikin dutse kamar maiƙo a gindin tukunya. Sai an dama wani sinadari mai aikin sabulu a ruwa, an tura shi ƙasa da ƙarfin inji, shi ke wanko man ya koro shi sama. Abin da ke dawowa kuwa babu kyan gani. In aka kwashe man, sai a bar ka da ruwa mai duhu, mai wari, kumfa na yawo a kansa. Mutum biyu ke da ta cewa a wurin: shugaban rijiyar, mai takardu da zafin kai, da wani dattijo da ya tashi a gidan marina kafin ya shiga aikin mai. Shi dattijon ya san cewa a marina ba a zubar da laka ta gindin rijiyar rini. Kwaso ta ake yi, a shanya, a ƙona ta zama katsi, a mayar cikin sabon haɗi. Don haka ya ce sabulun nan ma bai mutu ba, fita ya yi ya dawo da datti. Ya sa ana tara ruwan a wani babban tanki, a bari ya kwanta, a tace, a hura masa iska ta ƙasa. Kumfa ta taso, a yaɗe ta, domin a cikinta sabulun yake taruwa. Da ita ake ƙara auki a sabon haɗi. Shugaban ya tsani abin nan, wallahi ko kusa da tankin ba ya son bi. Ya ce shi bai yi karatu don ya zo yana wankin ruwan wanki ba.

Rannan, tsakiyar damina, aka yi masa waya cewa mota ta taso da sabon sinadari, kwana uku za ta iso. Abin da ya rage a hannu na kwana huɗu ne. Nan take ya ce a buɗe tanki a juye shi ramin shara, a wanke shi tas. Dattijo ya bi shi yana roƙo, ya ce ranka ya daɗe, a bar ko rabi har mu ga tayar motar da idonmu. Shugaban ya ce masa nan ba marina ba ce. Shi da kansa ya murɗa famfon. Tarin wata biyar ya kwarara cikin rami, dattijo yana tsaye yana kallo. Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gada ta karye, mota ta tsaya a ƙetaren kogi. To ka san dokar irin wannan rijiya: in turi ya yanke, ƙarfin ƙasa ya faɗi, man da aka taso da shi ya koma ya lafe, ruwan gishiri ya shige gabansa. Masu rijiyar kuma sun riga sun faɗa, in ta tsaya sau ɗaya rufe ta za su yi, ga magidanta arba'in suna ci daga gare ta. Aka shiga tsarma haɗi da ruwa don ya kai. Na kwana huɗu aka ja shi ya yi shida. Kowa ya wuce sai ya saci kallon allurar ma'aunin ƙarfin turi, ita kuwa sai ƙasa take yi.  Rana ta bakwai shugaban ya cire takalmi, ya ɗauki bokiti, ya gangara cikin ramin shara da kansa yana neman kumfar da ya raina. Ina! Ruwan sama ya dame ta da laka, sauran kuma ƙasa ta shanye. Ya yi ta ɗiba yana zubarwa har hannunsa ya saɓule, ma'aikatansa suna tsaye a bakin rami. Dattijon ne ya miƙa masa hannu ya jawo shi waje.

Mota ta iso ranar sha ɗaya. Ta tarar da tanki fes, yana ƙyalli, babu ko ɗigon datti. Aka juye sabon kaya, aka tura, aka sake turawa, sai ruwan gishiri ke fitowa. Kafin kaka aka garƙame rijiyar, mutum arba'in suka naɗe tabarmarsu, har da dattijon da bai yi laifin komai ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Kada ka tambaye ni yadda aka yi na san nauyin bokitin nan, dubi tafin hannuna kawai.

Motarka tana hanya, Injiniya, Allah ya kawo ta lafiya. Amma hadari na haɗuwa a gabas, kuma gada ɗaya ce tsakaninmu da ita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.