Wuƙa, Gammo da Igiya

Sandar da ta fasa wa Kimba goshi ta Sarkin Fawa ce da kansa. Sauran mahauta suka rufe shi da duka, wani da ƙafa, wani da ƙashin sa. An ba shi wuƙa ne ya yanka bijimin da aka kayar, ya tsaya ya kasa yankawa, bijimin ya kuɓuce ya tsire wani mai fiɗa a cinya. Kimba ƙato ne, da ya rama da an kwashi gawa. Amma sai ya cusa hannuwansa a hammata, ya bar su suka gaji don kansu.

Haka aka mayar da shi zauren Baba Mamudu, jini har gemu.

Duk Zongon Kumasi an san zauren nan. Magidanci in sana'arsa ta mutu, ko shi ya gaji da ita, nan yake zuwa: sojojin da suka dawo daga yaƙin Jamus, da fataken da jirgin ƙasa ya ƙwace wa hanyar goro. Baba Mamudu ba ya tambayar mutum abin da ya baro. A Zongo wannan tambaya rashin kunya ce, kowa da abin da ya koro shi daga gida. Sai dai ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye wuƙa da gammo da igiya, ya ja mutum da hira yana satar kallon inda hannunsa zai nufa. Yana alfahari idonsa bai taɓa kuskure ba. A bayan idonsa kuwa dariya ake, wai ya gyara kowa amma ɗansa guda, Abu, ya gagare shi, ya bi 'yan iska bakin teku, shekaru ba labari.

Ranar da Kimba ya fara zuwa, wuƙa ya wawura da sauri. Sai yanzu tsohon ya gane ba wuƙar yake so ba, igiyar ce ba ya son kallo.

"Igiya ce sana'arka," in ji Baba Mamudu.

"Baba, ba ni gammo. Na ɗauki kaya har Salaga."

"Wuyanka ya tsufa da dako. Mahauta sun kore ka, in nan ma ka ƙi, ba mai ɗaukarka a garin nan. Sai ka koma inda ka fito."

"Gara a binne ni," Kimba ya ce. Ya miƙa hannu ya ɗauki igiyar.

Aka kai shi wurin Habsa, dillaliyar goro, ya riƙa ɗaura huhun goro. Ashe tsohon bai yi ƙarya ba. Ƙullin Kimba ja ɗaya yake zargewa, kuma ba ya kwancewa. Da ido yake faɗin nauyin huhu, sikeli ya gaskata shi. Sabuwar igiya sai ya shafe ta da man kaɗe, ya rataya mata dutse ta kwana, wai don kada ta miƙe ranar aiki.

"Mutumin nan ya iya aiki ƙwarai paa," Habsa ta faɗa wa Baba Mamudu. Abu ɗaya ne bai yi mata ba: in yana magana da mutum ba ya kallon idonsa, sai ƙasa da haɓa. Ma'aikata suka ce kunya ce ta baƙo.

Akwai wani Boukari, tsohon soja, da ya nemi gadin siton Habsa. Baba Mamudu ya ga yadda ya riƙe wuƙa a kan tabarma, ya hana a ɗauke shi. Boukari ya ƙullace shi.

Ranar kasuwa da hantsi tsohon ya zo duba Kimba, Boukari ya fito daga bayan huhuna da adda. Sara ɗaya ya tsaga wa tsohon kafaɗa, farar rigarsa ta rine. Mata suka watse da ihu. Ya sake ɗaga addar, wannan karon kai ya nufa.

Ba wanda ya ga tashin Kimba. Sai gani aka yi igiya ta zarge wuyan Boukari, ƙullin ya zauna daidai ƙarƙashin kunnen hagu, gwiwar Kimba a gadon bayansa. Addar ta faɗi. Idanu suka firfito, harshe ya zazzago, dugadugansa na kartar ƙasa. Abin da ya fi tsorata mutane fuskar Kimba ce, babu fushi a cikinta ko kaɗan, kamar mai ɗaura huhu.

"Sake shi," in ji Baba Mamudu daga ƙasa. "Kimba, sake shi."

Ya sake shi da sauran numfashi. Ya koma gefe ya durƙusa, ya yi ta amai yana kuka.

Da la'asar, an ɗaure wa tsohon kafaɗa, shi da Kimba su biyu a zaure. Tausayin Kimba ya cika tsohon, tsoronsa kuma bai bar shi ba.

"Ba zan tambaye ka abin da ka baro ba," ya ce. "Amma wa ya nuna maka ƙofata?"

"Abu ne, Baba. Ya ce in na gaji da aikina in zo wurin ubansa, shi ba ya tambaya."

Murna ta mantar da tsohon ciwonsa, har ya yunƙura zai tashi. "Ashe ka san yarona. A ina kuka haɗu?"

Kimba ya ɗago, ya dube shi ido cikin ido.

"A kurkukun Turawa, can bakin teku. Ina gyara masa igiyar rataya a wuya ya faɗa mini."