Jeren Kwallar Kubra

Kubra ba ta da kowa a Farin Dutse sai 'yarta Mero da awakin da ke turke a bayan ɗakinta. Ranar da ta fita takaba, wan mijinta Alhaji Salihu, mai motar haya a Kano, ya zo ɗaukar yarinyar. Kubra ta yi ta kuka har tausayinta ya kama shi.

"To, na bar miki ita," in ji shi. "Amma duk ranar da na ji kin kasa ciyar da ita, zan dawo."

Ko a jikinta. Awakin nan su ne gonarta. In rumbu ya yi ƙasa, ta aika da bunsuru kasuwa, hatsi ya shigo gida, kafin a ankara wata akuyar ta sake haihuwa.

Lokacin nan ne kuɗin man fetur ya fara yawo a ƙasa, kaya masu ƙyalli suka cika kasuwar Birnin Kudu. Wata rana Jummai dillaliya ta yi sallama, ta kwance ƙunshinta, ta fito da kwalla fara tas mai jajayen furanni da shuɗin baki. Kubra ta riƙe ta da hannu biyu kamar an miƙa mata jariri. Washegari ɗan akuya ɗaya ya bar turke.

Gaskiya kwallar nan ta biya kuɗinta. A ciki ake dama fura, a ciki ake rufe tuwo, Mero ma cewa take furar ciki ta fi daɗi. Da hantsi, in rana ta leƙo ta ƙofa ta sauka a kan furannin, sai Kubra ta ajiye tsintsiya ta zauna. Sai ta ga furannin suna motsi, ɗakin ya buɗe ya zama lambu, ruwa na gudu a ƙarƙashin mangwaro, marigayi mijinta yana zaune a inuwa yana yi mata murmushi irin na farkon aurensu. Tun rasuwarsa ba ta ji sanyin zuciya irin wannan ba.

Sai ta ce a ranta, in ɗaya ta yi haka, ina ga biyu?

Ta biyu ta zo, aka ajiye ta don baƙi. Ta ji daɗinta, amma bai kai na farko ba. Ta uku kuwa kafin la'asar ta manta da ita. Baiwar Allah ba ta gane cewa marmarin ne ke raguwa ba, ta ɗauka zanen ne bai dace ba.

"Ai mai fure ta tsufa, Yaya Kubra," in ji Jummai. "Yanzu mai tsuntsu ake yayi."

Aka kawo mai tsuntsu. Aka kawo langa, aka kawo fanteka. Jere ya tashi daga kan gado yana neman rufi, kamar yadda matan gari ke yi a ɗakunansu, turke kuma yana ta yin fili. Kubra takan zauna da hantsi tana jiran lambun nan ya sake buɗewa, sai dai ta ga kwanuka kan kwanuka suna kallonta.

Dada, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta leƙo wata rana ta riƙe haɓa.

"Ke Kubra, bakinku biyu a gidan nan. A kwano nawa za ku ci tuwo?"

"Na auren Mero ne, Dada."

"Yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba? Ina uwar garken nan mai baƙin kunne?"

Kubra ta sunkuyar da kai. Uwar garken ta tafi ranar kasuwar da ta wuce. Kwallar da aka musanya da ita tana lungu, ko takardar jikinta ba a warware ba.

A shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Fari ya game ƙasar Gwaram, har da Farin Dutse. Masu awaki suna lallaɓa su da ganye, suna kai ɗaya-ɗaya kasuwa su samo abin sawa a tukunya. Kubra ta sauke jerenta ta kira Jummai. Bayan kwanaki dillaliya ta dawo mata da kayanta, sai 'yan kaɗan da aka saya a wulaƙance.

"Yaya Kubra, je ki ga Birnin Kudu. Kwalla ce shimfiɗe tun daga tasha, kowace mace ta sauke nata jeren. Wa zai sayi fure yana neman hatsi?"

Suka koma kwaɗon rama, ramar ma ta ƙare. Mero ta rame, ta daina wasa, tana yini kwance a tabarma. Labari bai daɗe ba ya isa Kano.

Alhaji Salihu bai yi faɗa ba. Ya dubi yarinyar, ya dubi kwanukan da suka cika tsakar ɗakin, ya ce, "Haɗa mata kayanta."

Kubra ta bi su har bakin mota, zuciyarta kamar za ta fashe. Ta miƙa wa Mero kwalla mai tsuntsu.

"Bar ta, Kubra," in ji Alhaji a hankali. "Akwai kwano a gidana. Abin zubawa ne ta rasa."

Mota ta tashi. Mero ta ɗaga hannu tana kiran "Inna! Inna!" har muryarta ta ɓace. Kubra ta koma ɗakin da ya cika da furanni, ba ta da wanda za ta dama wa fura.

Jama'a, daɗin abu yana wajen na farko, kowane ƙari kuma daɗinsa raguwa yake yi. Kafin ka sake miƙa hannu, tambayi kanka me wannan zai ƙara maka, kuma me za ka rabu da shi don ka same shi.